Layin Kwanuka a Ƙofar Kantoma

Duk unguwar Yaya ake ce mata, har tsofaffin da suka yi jika da ita. Asalin sunan daga bakin ƙanenta ya fito. Su biyu kaɗai uwarsu ta bari, ita tana budurwa, shi kuma bai daɗe da yaye ba, don haka a bayanta ya girma, kuma tun da bakinsa ya buɗe ba abin da yake kira sai Yaya. Maƙwabta suka ɗauka, 'ya'yan maƙwabta suka gada, har sunan yanka ya ɓace. Ita kuwa har ya yi furfura Auta take ce masa, ko da yake sauran mutane da Tela suka san shi.

Injin niƙa a gidan miji ta same shi. Maigidanta, Allah ya jiƙansa, makanike ne, mai son kwance abu ya ga cikinsa. Ya sayo wani tsohon inji da kowa ya ce ya mutu, ya baje shi a tsakar gida, ya yi ta fama da shi har wata safiya injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya tashi. Kajin unguwa suka watse. Ya kafa shi a wani ɗan shago mai rufin langa-langa a bakin titi, bai daɗe ba ya amsa kiran Ubangiji. Dangi suka ce a sayar, ina mace ina ƙarfe. Yaya ba ta yi musu da kowa ba. Da ta fita takaba sai ta ci ɗamara da tsohon zani, ta kama ƙarfen tayarwa ta yi ta juyawa har injin ya kama, daga nan kuma ba wanda ya sake tayar da maganar.

Gajeriya ce, mai kaurin damtse, girarta kullum fara fat da gari. Ƙarar inji ta cinye mata rabin ji, sai Allah ya musanya mata da ido: in ta kalli leɓen mutum ta san abin da yake faɗa, ko yana ƙetaren titi. Muryarta kuwa sai addu'a. In ta ce za ta gaya maka sirri, to mai shagon ƙarshen titi ma ya ji. Ba ta kashe inji sai don salla, har ya zama in unguwa ta yi tsit, mata kan ajiye abin da suke yi su nemi buta.

Doka ɗaya ce a shagonta, ita ce layi. Mata ba su da lokacin tsayawa, ga tukunya a wuta, ga yaro yana kuka, don haka kowacce takan ajiye kwanon hatsinta a jikin bango bayan na wadda ta riga ta, ta koma gida. Kwanon shi ke riƙe mata wuri. Duk mai wucewa in ya ga gurbi ya buɗe, sai ya sunkuya ya matsar da kwanukan gaba. Ba a haure kwano, ba a tsallake shi.

“Kwano mutum ne,” in ji Yaya. “Wanda ya tsallake shi, mai shi ya tsallake.”

Ta san kowane kwano kamar yadda ta san fuskar mai shi. Ga lotsattsen daron matar Mahauci, ga koriyar robar da aka ɗinke da waya, ga kuma shuɗiyar fanteka mai ɓantaren baki, ta Gwaggo Sauri. Wannan tsohuwa tun da aka san ta ba ta taɓa zuwa niƙa ba tare da uzuri ba. Takan tsaya tana doguwar gaisuwa, ƙafarta kuma tana tura fanteka gaba a hankali. Yaya ko waiwayowa ba ta yi, sai ta gama juye abin da ke mazurari, ta zo ta ɗauki fantekar ta mayar baya.

“Haba Yaya, baƙi gare ni.”

“Allah ya kawo su lafiya, Gwaggo. Su ma su bi layi.”

Shagon Tela yana kallon nata, titi ne kawai ya raba su. A ƙofarsa akwai benci a gindin bishiya, nan mazan unguwa ke zama. Tela mutum ne mai hannu, in ya ɗinka maka riga sai an tambaye ka inda ka samo ta, sai dai bakinsa ya fi kekensa gudu. Abin awo rataye a wuya, allura a gefen baki, rediyo a kan taga, yana yanka yadi yana naɗa ministoci yana saukewa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki amsa ɗaya ce, gobe. Babu gida a unguwar da ba shi da ƙyalle a shagon.

“Auta,” Yaya takan ƙwala masa daga ƙetare, “da kana ɗinka rabin abin da kake faɗa, da ba sauran mai tsumma a garin nan.”

“Yaya, ƙasa muke gyarawa.”

“Gyara wandon Mahauci tukuna.”

Masu mulki kuwa ta ga su iri-iri. Masu kaki su zo su ce masu manyan riguna sun ci amana, masu manyan riguna su dawo su ce masu kaki sun danne mutane. Ita ba ta jin rediyo. In ta hango mazan benci sun haɗa kai wuri ɗaya, bakuna a buɗe, ta san an sake sauya hannu, sai ta ce Allah ya sa mu dace, ta ƙara hatsi a mazurari.

Sai aka yi wani mai mulki da ba ya ƙaunar jin motsin bakin talaka. Ya kafa doka cewa duk inda mutum fiye da uku suka tsaya ko suka zauna tare, taro ne, taro kuma laifi ne. Amma yana son layi ƙwarai. A tashar mota, a asibiti, a bakin famfo, 'yan sanda na tsaye da bulala suna koya wa mutane bin layi, abin da Yaya ta daɗe tana yi ba bulala. Ya kuma naɗa wa kowane yanki kantoma, wato mai riƙon wuri da ba zaɓensa aka yi ba. Na yankinsu ya faɗo kan ɗan Gwaggo Sauri, wanda a da shi ke ɗauko shuɗiyar fanteka ya kawo niƙa, ya koma gida gari har a kunne. Unguwa ta yi murna, aka ce namu ya samu.

Washegari Gwaggo ta zo ta dire fantekarta a gaban layi, wannan karon da hannu, ido cikin ido.

“Kin dai ji labari. Yanzu uwar Kantoma ce a gabanki.”

“Na ji, Allah ya taya shi riƙo,” in ji Yaya, ta ɗauki fantekar. “Amma ita wannan ban ji an naɗa ta komai ba.”

Ta mayar da ita baya. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta.

Mazan benci suka koma zaman karɓa-karɓa, in na huɗu ya zo sai ɗaya ya tashi. Haka aka yi ta lallaɓawa har wani hantsi da Mahauci ya zo bin wandonsa. Shi ba zama ya zo yi ba, faɗa ya zo yi, sai musun ya yi daɗi ya manta ya ɗora ɗuwawu a gefen benci. Motar 'yan sanda ta shawo kwana. Ukun suka bazama, har da Mahauci da ƙiba ta hana ruku'u mai kyau, ranar ya tsallake kwata kamar barewa. Tela kaɗai aka samu, bakinsa cike da sauran magana. Suka ɗauke shi, suka ɗauki bencin a matsayin shaida.

Yaya ba ta ji komai ba. Ta dai ga matan da ke bakin shago sun juya gaba ɗaya, ta bi idonsu, ta ga ƙeyar Auta a bayan mota. Ta kashe inji. Mata a cikin gidaje suka ɗauki buta, sannan suka duba rana suka ga lokaci bai yi ba.

Abin da ya tsaya mata a rai ƙirjinsa ne. Tun yana ƙarami yake da asma, ɗaki mai laima ko ƙura kan sa numfashinsa ya riƙa fito kamar usur. Ita ta san yadda ake tallafe shi a zaune, a shafa masa baya har abin ya lafa. Ɗakin da ake tsare mutane a bayan ofishin Kantoma kuwa ba taga, ƙasansa siminti ne mai jiƙa.

Dattawa biyu suka je roƙo, aka ce su dawo gobe. Suka koma, aka ce gobe. Liman ya ce Allah mai iko, yau ga goben Tela ta dawo kansa. Samari suka ce a taru a tafi gaba ɗaya, Yaya ta ce a'a, ba za ta nemi ɗa ɗaya ta zubar da na mutane ba. Ita da kanta ta je kai abinci, Saje mai gadin ƙofa ya karɓa, ya ce mata Kantoma yana ganin jama'a, amma ɗaya bayan ɗaya, a kan layi. Da ta tambayi jikin Auta sai ya kau da kai ya ce da sauƙi. Amma ta ga leɓensa ya ƙara a hankali cewa Auta yana tari.

Ta dawo ta zauna a shago. Ta riga ta ce inji ba zai tashi ba sai Auta ya dawo, kowa ya ji, amma sabo ya sa mata ba su daina ajiye kwanukansu a jikin bango ba. Tana zaune da carbi tana kallonsu, jere reras, ba mutum ko ɗaya a wurin, amma duk unguwar tana nan. Ta daɗe tana kallo. Can ta yafuto matar Mahauci.

“Matso, sirri zan gaya miki.”

Ta gaya mata sirrin, kuma kafin ta rufe baki titin duka ya ji, ba a buƙaci aike ba.

Da gari ya waye ta ɗauko tsohuwar tasar uwarsu, ta je ta ajiye a bakin ƙofar ofishin Kantoma. Matar Mahauci ta ajiye daro a baya ta wuce kasuwa. Mai koriyar roba ta ajiye tata ta koma gida. Kafin rana ta yi zafi layin kwanuka ya sauko daga matakala, ya bi jikin katanga, ya wuce famfo, ya sha kwana. Ko'ina ka duba ba ka ganin mace fiye da biyu, su ma tafiya suke.

Saje ya fito ya tura hula ƙeya. Wani sabon kurtu da ke tare da shi ya ɗaga takalmi zai yi ƙwallo da daron.

“Kai,” in ji Saje, ya riƙe masa hannu. “Ba a haure kwano. Gyatumarka ba ta taɓa aikenka niƙa ba?”

Kurtu ya sauke ƙafa. Ta taɓa.

“To amma, ranka ya daɗe, wannan ba taro ba ne?”

“Ƙirga min mutanen.”

Kurtu ya duba hagu ya duba dama, Yaya kaɗai ya gani, tana gyara mayafi.

Ita ta fara shiga. Ofishin yana da fanka da labule mai kauri, da hoton mai mulki ya kusa rabin bango. Kantoma ya yi ƙiba, ya tsayar da gashin baki, amma kunnuwan nan dai su ne.

“Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma.”

“Yaya, ke ce? Zauna mana.”

“A'a, akwai mutane a bayana. Ƙanena na zo tambaya. Ƙirjinsa ba shi da kyau, kai ma ka sani, a gabanka ya taɓa faɗuwa.”

Ya juya alƙalami a hannu. “Ba ni na yi dokar ba, Yaya. Umarni ne daga sama. In na sake shi, ni za a tambaya.”

“To madalla. Zan koma layi.”

Ta fito ta ɗauki tasarta, ta taka har ƙarshen layin ta ajiye. Aka ƙwala wa matar Mahauci kira daga gida zuwa gida, ta zo tana goge hannu, ta shiga ta ce wandon maigidanta yana hannun Tela, ɗaya ya rage masa, shi ma ya yage wurin tsallake kwata. Mai koriyar roba ta ce kayan makarantar 'ya'yanta. Wata ta ce labulen ɗakinta, wata ta ce rigar da za ta sa ta je ganin jika. Ba wadda ta yi ƙarya. Jinkirin da aka yi shekaru ana zagin Tela a kai, shi ya sa yau kowane gida yake da haƙƙin tambayarsa. Kowacce in ta gama sai ta yi godiya, ta yi wa Kantoma addu'ar gamawa lafiya, ta kai kwanonta baya.

Bayan azahar Yaya ta hango Saje ya sunkuya, bindiga tana lilo a kafaɗarsa, yana matsar da kwanuka gaba ɗaya bayan ɗaya don gurbi ya buɗe. Bai ma san yana yi ba. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai ya hau gyaran bel ɗinsa.

Kantoma ya gaji, ya ce a kwashe. Aka kwashe kwanukan da hannu, a hankali, aka jibge a ɗakin ajiya. Washegari layin ya fi na jiya tsawo. Aka fito da bokitai da tukwane da murafai, maza ma suka shiga. Mahauci ya kawo faranti, mai faci ya kawo bahon da yake gwada tayoyi a ciki, Liman ya aiko da tsohuwar butarsa. Yanzu kuma duk wadda ta shiga tambaya biyu take yi, ina Tela, ina kwanona. Dole aka buɗe ɗakin ajiya aka mayar wa kowa nasa, su kuma suka ɗora a ƙarshen layi. Masu wucewa daga wasu unguwanni suna tsayawa kallo, su yi dariya, su tuna doka, su yi gaba da sauri suna ƙunshe baki.

Ita dai Yaya dariyarta ba ta kai ciki. Unguwa ta koma turmi da taɓarya, tana ganin mata suna tafiya dafe da ƙugu saboda ita. Abincin da take kai wa Auta ya fara dawowa da saura. Da layi ya sake zuwa kanta, Kantoma ya sassauta murya.

“Yaya, ki tayar da inji, ki sa a kwashe tarkacen nan, ni kuma zan duba maganar. Labari ya fara kaiwa inda bai kamata ba.”

Zuciyarta ta ce mata karɓi, ko Allah zai sa ya cika. Sai ta tuna yadda ake yi a shagonta.

“Ranka ya daɗe, ni abin da na iya, wanda ya riga zuwa shi ake fara niƙa wa. Maganar Auta ta riga maganar inji.”

Ta fito ta kai tasarta baya. Ba ta san ko ta gyara ba ne ko ta ɓata. Ta yi sallar la'asar ta daɗe a kan darduma, tana cewa ya Allah, ni ba wayo gare ni ba, kai ka ba ni yaron nan riƙo.

Da safe ta zo ajiye tasarta, sai ta tsaya cak. A can ƙarshen layi, bayan bahon mai faci, ga shuɗiyar fanteka mai ɓantaren baki. Gwaggo Sauri tana zaune a kan dakali nesa kaɗan, ta kawar da fuska.

“Gwaggo, ina kwana.”

“Lafiya. Kada ki ɗauka don ke na zo. Yadina yana hannun ƙanenki, ya yanka bai ɗinka ba. Ga bayana ya ƙage da daka, da tsufana.”

“Allah ya ba da lafiya.” Yaya ta sunkuya ta kama bakin fantekar. “Yau dai na yafe, bari in kai miki gaba.”

“Ajiye min kayana. Shekara da shekaru kina mayar da ni baya, yau da na zo bayan da ƙafata za ki ce in tsallake mutane? Layi layi ne.”

Kantoma ya ɗaga labule ya hango fantekar da ya yi ƙuruciya yana ɗauka a ka. Ya aiko Saje ya shigo da tsohuwa ta ƙofar gefe. Saje ya je ya durƙusa ya faɗi saƙo.

“Ka ce masa ina kan layi,” in ji Gwaggo. “Ba su suka ce a bi layi ba?”

Haka fantekar ta yi ta matsowa, taku kaɗan-kaɗan. Ta wuce famfo, ta kama jikin katanga. Duk wadda ta zo wucewa sai ta matsar da ita da hannu biyu. Labulen ofis kuwa bai huta ba, a ɗaga a saki, a ɗaga a saki. Saje ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin babban mutum yana tsoron kwano ba. Matan da ke shiga suka lura Kantoma ya daina sallamarsu da wuri, har yana tambayar lafiyar yara da ta maigida, don dai layin ya rage sauri. Bai hana komai ba. Rana ta karkata, fanteka ta hau matakala.

Gwaggo ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta shiga, aka rufe ƙofa. An manta da labule a ɗage. Yaya tana tsaye a gindin katanga, ba ta jin ko ƙwaƙƙwaran motsi, amma tana ganin leɓuna ta gilashi kamar a shagonta.

Kantoma ya tashi ya ba uwarsa kujera, ta ƙi zama.

“Ni ba wurin ɗana na zo ba, wurin Kantoma na zo. Ina Tela?”

“Inna, umarni ne daga…”

“Na ji wannan, duk unguwa ta haddace. Su na saman, in sun gama da kai, gidansu za ka koma? Nan ka fito, nan za ka dawo. Kujerar nan ta aro ce. Ranar da mai ita ya karɓi abarsa, a bencin wa za ka zauna?”

Ya sunkuyar da kai. Ta ƙara wata magana tana nuna kunnensa, wadda Yaya ta gani sarai amma har ta tsufa ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ta ce tsakanin uwa da ɗa ne. Kantoma ya yi ta shafa gashin baki. Can ya kira Saje.

“Mutum nawa kuka kama a bencin nan?”

“Ɗaya, ranka ya daɗe. Sauran sun fi mu gudu.”

“To mutum ɗaya taro ne? Wane irin aiki kuke yi haka? Ku fito da shi.”

“Da bencin, ranka ya daɗe?”

Kantoma ya saci kallon uwarsa. “Da bencin.”

Tela ya fito yana ƙifta ido, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abin awo yana nan rataye inda yake. Ya yi tari mai tsawo, Yaya ta tallafe shi ta shafa bayansa kamar yadda ta saba, har numfashin ya daidaita. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe hannun rigarsa ba ta saki ba.

“Auta, ka rame.”

“Yaya, ke ce? Ban gane ki ba, girarki ta yi baƙi.” Ya dubi layin kwanuka har inda ido ya tsaya. “Wannan fa? Rabon abinci ake?”

“Masu bin ka ɗinki ne.”

Ya sa gefen abin awo ya share ido. Sai kuma bakin ya dawo. Kafin su sauka daga matakala ya ba da labarin yadda ya auna duk waɗanda ke tsare da duk masu tsaron, ya kuma gano inda gwamnati ta kuskure tun farko. Yaya ta toshe masa baki da tafin hannu.

Saje da kurtu suka ɗauko benci, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mata suka fito daga gidaje kowacce ta ɗauki kwanonta, aka bi bayansu a jere, layi guda, ba wanda zai ce taro ne. Wata ta fara kaɗa daro da yatsu, wata ta amsa da murfin tukunya, kurtu ya kasa hana kafaɗarsa motsi. Da suka dire bencin a gindin bishiya, Saje ya matso kusa da Tela.

“Maganar wandon nawa fa?”

“Gobe,” in ji Tela.

Yaya ta shiga shago, ta yi bisimilla, ta kama ƙarfen tayarwa. Injin ya yi tari, ya yi gardama irin ta wanda aka tasa daga barci, sannan ya kama, kaji suka watse. Kwanuka suka koma jikin bangonsu, cike da hatsi. Tana cikin juye na farko ta hango Gwaggo tana doguwar gaisuwa da matar Mahauci, ƙafarta tana aiki a ƙasa. Ta gama juyewa, ta zo ta ɗauki fantekar ta mayar baya.

“Haba Yaya, bayan duk abin da na yi?”

“Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Layi layi ne, ke kika faɗa.”

Mai mulkin nan bai daɗe ba, wata safiya mazan benci suka haɗa kai a rediyo, shi ke nan. Wasu suka zo, da masu dama-dama da waɗanda sai haƙuri. Ɗan Gwaggo ya dawo unguwa ba mota ba mai gadi. Ya yi kwanaki yana wuce bencin da sauri, har ranar da Tela ya matsa gefe ya buga katakon da tafin hannu. Daga baya, da idon Tela ya yi rauni, shi ke zura masa zare a allura, ana kiransa Kantoma ana dariya, yana amsawa.

Ranar da aka dawo da zaɓe, Yaya ta tsufa, gwiwoyinta ba sa ɗaukar tsayuwa. Ta zo da tasar uwarsu ta ajiye a layi, ta koma inuwa ta zauna da carbinta. Mutanen da ba su ma san ta ba suka riƙa sunkuyawa suna matsar da tasar gaba. Tela yana bayanta kaɗan, yana yi wa na kusa da shi bayanin wanda ya dace da ƙasa. Gwaggo Sauri kuma tana can baya, dogare da sanda, sanye da rigar nan da Tela ya ƙarasa mata a ƙarshe, tana gaisawa da na gabanta tana matsowa a hankali.